Kafin a Yanka Ragon Suna

 

Jama'a, wannan makon maganar jarirai za mu yi. Yakan faru a nan Ibadan, mace ta haihu a asibiti, ko an kai jariri da ya yi shawara, likita ya ce a ɗauki jininsa a yi gwajin da suke kira G6PD. Sai maigida ya tsaya yana jujjuya maganar. Wani ya ce yaro lafiyarsa ƙalau, me za a je a tono? Wani ya ce neman kuɗi ne kawai irin na asibiti. Wani kuma ya ce wannan leƙen gaibu ne, abin da Allah Ya rubuta ba makawa sai ya faru. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan maganganu ba, don ba daga bakin wawaye suke fitowa ba. Amma akwai ta huɗu wadda ba a cika faɗinta a fili ba, kuma a ganinmu ita ce ainihin abin da ke riƙe mutane: idan aka gwada aka samu, wa za a ce ya kawo abin cikin gida?

Bari mu fara da abin da ake gwadawa, don kada mu yi gardama a kan duhu. A cikin jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam akwai wani sinadari da Allah Ya sa yana kare su daga fashewa idan wasu abubuwa masu ƙarfi suka shiga jiki. Sunansa ke nan G6PD. Wasu ana haihuwarsu da ƙarancinsa, gado ne, ba a ɗauka wajen wani, kuma ba ya warkewa. Mutum kamar miliyan 400 ne a duniya suke da wannan ƙarancin, kuma mafi yawansu za su rayu har tsufa ba su taɓa sanin suna da shi ba. A cikin sahun da muka yi salla yau ma akwai su, suna ɗaukar buhu, suna tuƙa tirela. A binciken da aka yi a sassan Nijeriya, akan samu fiye da namiji ɗaya cikin goma yana da shi, wasu wurare har ɗaya cikin biyar. Kuma abin sha'awa, wani babban ɓangare na sanin da duniya ta yi wa wannan abu daga nan UCH ya fito, asibitin da ba shi da nisa da Sabo. Wani likita ɗan Italiya, Lucio Luzzatto, da abokan aikinsa sun nuna a 1969 cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ta jin daɗin zama a cikin irin wannan jinin. Wato abin da muke gani naƙasa, ta wata fuskar garkuwa ne da aka ba kakanninmu a ƙasar sauro.

Inda abin yake cizo shi ne satin farko na rayuwa. Jarirai da yawa sukan yi 'yar shawara a kwana na uku zuwa na biyar, ta wuce da kanta. Amma jaririn da ke da wannan ƙarancin, tasa takan iya yin tsanani, musamman idan ya haɗu da abin da ke fasa jini. Idan ƙwayoyin jini suka farfashe, wani abu ruwan ɗorawa yakan taru a jiki, hantar jariri kuwa ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. In ya yi yawa sai ya haura ƙwaƙwalwa. Daga nan yaro ya ƙi kama nono, ya yi ta barci, ya yi wani kuka mai tsini, ya riƙa banƙarewa. Wasu su rasu kafin suna. Wasu su rayu amma kurame, ko wuyansu bai tsaya ba, ko ba za su taɓa tafiya da ƙafarsu ba. Mun san irin waɗannan yaran, suna cikin gidajenmu, kuma sau da yawa an ce iska ce ta taɓa su, ko mayu, ko uwar ta fita da magariba tana da ciki. Shawara tana da wasu dalilan, kamar rashin jituwar jinin uwa da na ɗa, ko ƙwayar cuta, ko haihuwar bakwaini. Amma a ƙasar nan wannan ƙarancin yana cikin manyan dalilai.

Kuma ga abin da ya kamata ya taɓa mu 'yan kasuwa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke tayar da wannan bala'i a gidajenmu shi ne kafur, fararen ƙwallayen nan da ake zubawa a akwati. A nan Kudu ga danshi ga kyankyasai, kowace mace tana son kayan jaririnta su fito da ƙamshi, tun ciki yana wata shida take jera su da kafur a tsakani. Wannan ba kafur ɗin itace ba ne da ake sawa a ruwan wankan gawa. Mafi yawan na kasuwa wani sinadari ne mai suna naftalin, yana shiga ta numfashi da ta fata, balle fatar da aka shafe da mai. Likitocin yara na ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗi a kansa, da kuma hoda da man shafawa masu mantileta da ake sa wa cibiya. Har lalle, an samu jarirai masu wannan ƙarancin da jininsu ya fashe bayan an shafa musu shi. Duk waɗannan abubuwa da ƙauna ake yinsu. Ba uwar da ta zuba kafur don ta cuci ɗanta.

Yanzu ga maganar tawakkali. Mun san labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, ai bai fita daga ƙaddarar Allah ba, to me zai sa ya zaɓi busasshen? Mu da muke wannan gardama, wanenmu zai ɗora albasa daga Aliero zuwa Sasa bai duba tayar mota ba? Wanenmu zai sayi saniya bai buɗe bakinta ba? Ba mu taɓa jin an kira wannan rashin tawakkali ba. Kuma gwajin jini ba duba ba ne. Mai duba yana da'awar sanin abin da zai zo. Mai gwaji yana gaya maka abin da ya riga ya kasance a jikin yaron tun ran da aka halicce shi, kamar yadda ma'auni ke gaya maka nauyin buhu.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma mun ji ta daga bakin masu karatu. Sukan kawo ayar nan ta Suratul Ma'ida da ta ja kunnen muminai game da tambayar abubuwan da in an bayyana musu za su ɓata musu rai. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa maganar ta shafi yawan tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a lokacin da wahayi ke sauka, tambayar da ba ta da amfani ko za ta jawo a ɗora wa mutane nauyi. Amma ko da mun ɗauki darasin a faɗinsa, akwai gaskiya a ciki: ba kowane sani ne alheri ba. Da za a zo a ce mana ga gwajin da zai nuna yaronka zai kamu da cuta yana ɗan shekara arba'in, ba magani, ba abin da za ka iya yi, da mu ma mun ce a bar mu da rashin saninmu. Su kansu likitoci sun yarda da haka. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da wasu masana biyu, Wilson da Jungner, suka tsara, kuma cikin manyansu akwai cewa kada a bi masu lafiya da gwajin cutar da ba a da abin yi a kanta.

Shi ya sa asalin wannan al'ada ta gwada jarirai yake da ma'ana. A Amurka ta fara, a kan wata cuta ta gado mai suna PKU, inda jikin yaro ba ya iya sarrafa wani ɓangare na abinci mai gina jiki, abin ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa a hankali, alhali an haife shi garau. Wani likita, Robert Guthrie, wanda 'yar ɗan'uwan gidansu ta kamu da ita, ya ƙirƙiro hanyar tsaga diddigen jariri a ɗiga jini a kan takarda. Jihar Massachusetts ta wajabta gwajin a 1963. Yaron da aka gano da wuri, aka canja masa abinci tun satin farko, sai ya tashi da hankalinsa kamar kowa. Ita PKU ba ta da yawa a cikin baƙar fata. Tamu ita ce G6PD da sikila. Kuma ita ma G6PD ta cika wancan sharaɗin: in ka sani, akwai abin yi, kuma abin ba shi da tsada. A kawar da kafur, a sa ido a kan yaron kwana bakwai, in ya fara yin ɗorawa a kai shi a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske tun kafin a kai ga canjin jini. Ƙasar Singafo ta fara gwada duk jariranta a 1965, ta haɗa da wayar da kan iyaye a kan kafur da magungunan gargajiya, kuma mutuwar jarirai ta wannan hanya ta kusan ɓacewa a can. A 1989 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar a gwada jarirai a duk inda maza uku zuwa biyar cikin ɗari suke da ƙarancin. Mu mun ninka wannan, amma har yau ba a yi wa kowane jariri a ƙasar nan. Sai ka nema.

Masu tausayin a soki ɗan jariri kuwa, to, mu ne fa muke kiran wanzami ya zo da askarsa ya cire beli, ya yi aski, wani gidan har da tsaga. Ɗigon jini daga diddige bai kai ko kusa ba.

Mu dawo kan magana ta huɗu, wadda ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Wannan gadon ta wajen uwa yake zuwa wa ɗa namiji. Haka Allah Ya tsara shi, kuma likita zai faɗa in an tambaye shi. Mun san gidajenmu. Mun san abin da zai biyo baya idan wannan magana ta shiga kunnen uwar miji, ko kishiya, ko ƙannen miji. Za a ce jininsu ne ba kyau. Za a tuno yayanta da ya rasu yana jariri, a tuno ɗan ƙanwarta da ba ya ji. Mace tana cikin jego, ga ciwo ga ruwan zafi, ga shi danginta suna Katsina ko Maraɗi ba mai tsaya mata, a ɗora mata laifin abin da ba ta san da shi ba. Matan da ke noƙewa daga gwaji ba jahilci ne ke damunsu ba, lissafi suka yi, kuma lissafinsu a kan halinmu ne mu maza.

To ga sauran bayanin da ba a cika jira a ji ba. Ita uwar a ina ta samo? Ko dai wajen uwarta, ko wajen ubanta. Namijin da ke da ƙarancin ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'yar da ya haifa sai ta ɗauka, ba ko ɗaya da za ta tsira, ita kuma ta kai gidan mijinta. Wato Alhajin da ke huci a tsakar gida yana cewa an kawo masa cuta, yana iya yiwuwa shi da kansa ya riga ya raba ta ga 'ya'yansa mata huɗu da ya aurar. In namiji ɗaya cikin biyar ko cikin goma yana ɗauke da abu, wane dangi ne zai bugi ƙirji ya ce babu a cikinsu? Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Kuma Manzon Allah ya riga ya yanke mana wannan shari'a. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo yana ƙorafin matarsa ta haifi yaro baƙi, yana neman hanyar da zai kore shi. Annabi bai yi masa faɗa ba, sai ya tambaye shi launin raƙumansa. Ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya fito, shi da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Sai aka nuna masa ɗansa ma haka ne, kuma ba a ba shi damar kore shi ba. Ku duba fa, an yarda da gado, an kuma hana a mayar da shi makamin dukan mace, duk a zama ɗaya. Wanda ya karɓi rabin farko daga bakin likita ya ƙi karɓar rabi na biyu daga bakin Annabi, ya sake tunani.

Sai dai ko an kare uwa, akwai sauran wuya, kuma ba ma so mu yi kamar babu. Sakamakon gwajin nan ba ya amfani in an kulle shi a durowa. Dole kakar da ke wankan jariri ta sani, da ungozoma, da maƙwabciyar da za ta kawo hoda, da mai kemis da za a je wajensa in yaron ya yi zazzaɓi, don akwai magunguna, har da wani na zazzaɓin cizon sauro mai suna primaquine, da ba a ba irinsu sai da sanin likita. In ya girma Allah Ya kai shi Makka, ya kamata ya san ya yi hattara da ful, waken nan da ake karyawa da shi a Saudiyya da Masar da Sudan. Amma duk bakin da aka ƙara, an ƙara hanyar da magana za ta bi ta isa kasuwa. A zango kamar namu, inda kowa ya san kowa kuma yawancin aure a tsakaninmu ake yi, abin da aka faɗa a kan jaririya yau zai jira ta shekara goma sha takwas. Tun da jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, mutane sun ƙara sanin maganar AS da SS, wanda abu ne mai kyau. Tsoronmu shi ne a haɗa komai a kwando ɗaya, a ji an ce yarinya tana da wani abu a jini a fasa aurenta. G6PD ba sikila ba ne. Ba ya sa ciwon ƙashi, ba ya hana haihuwa, ba dalilin fasa aure ba ne ko kaɗan.

Abin da muka gani shi ne, sakamakon na yaron ne, mu amana aka ba mu. Ma'aunin kuwa: duk wanda hannunsa zai taɓa jikin yaron ko abin da zai shiga bakinsa, yana da haƙƙin a gaya masa abin da zai kiyaye. Wanda ba haka ba, jin daɗin hira kawai zai yi da shi, kuma wannan giba ce ko da gaskiya aka faɗa. Sannan akwai hanyar da za ta rage nauyin sirrin gaba ɗaya. Idan muka wayi gari ba gidan mai jego da ake samun kafur a duk unguwar nan, an gwada ko ba a gwada ba, to ba wanda za a nuna da yatsa a ce ɗan gidan wane ne ba a sa wa kafur. Wannan yana hannunmu, don mu ne masu shagunan. Ba mu ce haramun ne sayar da shi ba, ba mu da wannan hurumin. Amma in mace mai tsohon ciki ta tsaya a gabanka tana sayen tawul da hular jariri ta ce a haɗa mata da kafur, kai kuma ka karanta wannan takarda, shirun da za ka yi don ribar da ba ta kai kuɗin kofin shayi ba, ka san yadda za ka amsa shi.

Wani abu kuma ga 'yan'uwa masu bin hanya. Da yawanmu haihuwa takan same mu muna Kano ko Sakkwato ko Potiskum wajen lodin kaya, mu ce za mu dawo ranar suna. Kwanakin da ba ma nan su ne kwanakin haɗarin. Mai jego tana ɗaki mai duhu, fatar yaranmu ba ta saurin nuna ɗorawa, kuma ko ta gani, tana jiran izini, wayar maigida ba ta shiga, ba ta jin Yarabanci balle Turanci. Sai a ba yaro ruwan gulukos, ko ruwan ɗanyar gwanda, ko a ɗiga masa maganin kemis, ko a shanya shi a hantsi, alhali ba ɗaya daga ciki da ke sauke shawara mai tsanani. Kafin ka tafi, ka bar izini a fili a gaban shaida cewa in an ga wani abu a wuce asibiti ba sai an neme ka ba. Ka bar kuɗin mota da na kati daban da na rago. A fito da yaro haske kowace safiya a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa ko hancinsa a ga launin da zai bayyana. Wanda ya yi ɗorawa a ranar da aka haife shi, ko ya ƙi nono, wannan ba a kwana da shi a gida. Idan kuma an yi gwajin lokacin da jinin ke kan fashewa, ko bayan an yi wa yaron ƙarin jini, yana iya nuna lafiya alhali ba haka ba ne, sai a maimaita bayan kamar wata uku.

Muna roƙon kwamitin masallaci da ya duba abu biyu a zamansa mai zuwa. Ɗaya, a samu mata biyu ko uku daga cikin masu jin Yarabanci da Turanci waɗanda za a iya bugawa ko da tsakar dare su raka mai jego asibiti, a rubuta lambobinsu a islamiyyar mata. Biyu, a ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin gwaji da na fitila ga wanda ba shi da hali, a riƙa bayarwa ta hannun mutum ɗaya amintacce, ba tare da an karanta sunan kowa a lasifika ba.